Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Da Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: A Fara Auna Jin Jariranmu

Mai girma Minista, masu girma kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ni malama ce a wata makarantar yara kurame a nan Arewa, kuma da yawun abokan aikina da iyayen yaran da muke koyarwa nake magana. Su suka wakilta ni bayan wani zama da muka yi. Akwai manoma a cikinsu, akwai masu tuƙa adaidaita sahu, akwai zawarawa masu sana'ar ƙosai, akwai ma'aikatan gwamnati. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya gano ɗansa ba ya ji bayan lokacin da ya kamata a gano ya wuce.

Abin da ya tayar da maganar labari ne mai daɗi. Tun shekarar 2024 iyaye ke turo mana bidiyo a WhatsApp na yaran da aka haifa kurame a ƙasashen waje, aka yi musu magani suka fara ji. Kowa tambayarsa ɗaya ce: "Malama, a ina ake yi, nawa ne?" Dole ta sa muka zauna muka bi diddigin labarin don kada mu ba iyaye amsar da ba ta da tushe, kuma abin da muka gano ne ya sa muka ga ku ya kamata mu tunkara.

Labarin gaskiya ne. A watan Janairun 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitin ido da kunne da hanci da maƙogwaro na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, a ƙasar Sin. Yara shida ne, dukkansu an haife su da tangarɗa a wata ƙwayar gado da ake kira OTOF. Kunnen irin waɗannan yara lafiyarsa lau ta fuskar gini, sauti yana shiga har can ciki, sai dai sinadarin da ke miƙa saƙon ga jijiyar da za ta kai shi ƙwaƙwalwa ne babu. Likitocin suka ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan wata ƙwayar bairos da aka cire wa dafi, suka zuba ta a can cikin kunne. Biyar daga cikin shidan suka fara ji. A watan Mayun wannan shekarar kuma aka ba da labarin wata yarinya a Ingila da aka yi wa irin wannan aiki a asibitin Addenbrooke's na Kambirij tun ba ta cika shekara ɗaya ba, jinta ya dawo kusan daidai da na kowa. Amma mun gaya wa iyaye gaskiya: wannan tangarɗar ba ta wuce kashi 1 zuwa 8 cikin ɗari na kurumtar gado ba, kuma maganin bai shafi yaron da sanƙarau ko allura ta kashe wa kunne ba.

Ba a nan kaɗai ilimin ya ci gaba ba. Na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne, mutanen da aka yi wa dashenta a duniya sun haura miliyan ɗaya, kuma tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa jariri ɗan wata tara. A Afirka ta Kudu, masu bincike na Jami'ar Pretoria sun mayar da wayar hannu abin auna ji, yadda ma'aikacin lafiya na unguwa zai auna ɗan makaranta cikin 'yan mintuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata manhajar, hearWHO, kyauta tun 2019.

Duk waɗannan abubuwa, mai girma Minista, daga mafi tsada har mafi araha, sharaɗinsu ɗaya ne: a gano da wuri. Mu kuwa a nan muka maƙale.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, shi ne ba a auna jin jarirai a wuraren da matanmu ke haihuwa da wuraren da suke kai yara rigakafi. Ana auna nauyi, ana duba cibiya, ana ɗiga maganin shan inna, ana yin allurar BCG a kafaɗa, amma babu mai tambayar ko jaririn yana ji. Gwajin kuwa ba wani aiki ne mai wuya ba. Ɗan bututu ne mai laushi da ake sa wa a bakin kunne, jariri yana barci ko yana shan nono. Na'urar ta saki wani ɗan sauti, lafiyayyen kunne ya mayar da amsa, ta nuna a allo. Ba allura, ba jini, ba kuka. Wanda bai ci wannan gwajin ba sai a yi masa na biyu, a liƙa masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙon yana isa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a auna kafin jariri ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Ingila ta gama shimfiɗa wannan tsari ga duk jariranta tun 2006.

Dalilin gaggawar shi ne shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ke kama harshe, ko na baki ko na hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya wuce wannan lokaci babu harshe ko ɗaya, ko an dasa masa na'urar da ta fi kowace tsada daga baya, abin da zai samu kaɗan ne.

Ga yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Uwa ce ke fara lura. Ta ga an buga ƙofa yaron bai razana ba, an kira sallah a masallacin da ke jikin katangarsu bai motsa ba. Ta faɗa wa uwar miji, a ce mata nauyin baki ne, namiji ne ai, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. In ta matsa, sai a ɗauko kwanon sha a zagaya bayan yaron a buga da ludayi. Yaron ya ji girgiza a ƙasa, ko ya ga inuwar hannu a bango, ya waiga. Gida ya ɗauki dariya, a ce ga shi nan yana ji, ke ce dai mai neman magana. Daga nan sai rubutu da hayaƙi, wani ya ce iska ce. Kafin a yarda a kai shi asibiti ya shekara huɗu ko biyar, kafin ya iso wurinmu ya shekara bakwai, takwas, wani har goma. An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar shekara tara, mai kaifin basira, ta iya talla, ta iya ƙirga canji ba kuskure. Da muka fara koya mata maganar hannu, muka nuna mata alamar sunan kowa a aji, muka nuna tata, sai ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san tana da suna ba. Shekara tara ana kiran ta da taɓa kafaɗa.

Kada a ce mana wannan gwaji sai ƙasashen Turawa. A nan ƙasar aka gwada shi. Daga watan Yulin 2005 zuwa Afrilun 2006, Dakta Bolajoko Olusanya da abokan aikinta sun auna jarirai 2,003 a cibiyoyin rigakafi huɗu a Legas, a ranar da iyaye ke kawo su allurar BCG. Ma'aikatan lafiya na al'umma ne suka yi aikin bayan ɗan horo, ba manyan likitoci ba. Fiye da rabin jariran ba a asibiti aka haife su ba. Ko uwa ɗaya ba ta ƙi a auna ɗanta ba. An samu jarirai 56 da matsalar ji mai ɗorewa, wato 28 cikin kowane dubu, alhali a Ingila ɗaya ne zuwa biyu cikin dubu. Mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon a 2008. Binciken ya kuma nuna inda gizo ke saƙa: daga cikin jarirai 82 da aka ce a dawo da su don tabbatarwa, 50 kaɗai aka dawo da su. Ma'ana, sayen na'ura kaɗai ba zai wadatar ba, sai an sa wanda zai bi sawun uwa har gida. Yaran da aka auna a wancan aiki yanzu sun zama samari da 'yan mata, amma darasin bai iso ɗakin shan maganin ƙauyenmu ba. Kuma mu ne muka fi bukatarsa, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Jaririnmu ba a ɗakin haihuwa za a same shi ba, a layin rigakafi za a same shi.

Koke na biyu ya shafi yaran da aka haifa suna ji, suka yi magana, suka yi waƙa, sannan ciwo ya ɗauke jin. A ajina, in ka tambayi iyaye, amsar da ta fi yawa ita ce: "Zazzaɓi ya yi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, da ya tashi shi ke nan." Muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, kuma babu wanda ya kai shekara arba'in a Kano da zai manta annobar 1996. Muna yaba wa gwamnati a kan rigakafi. Allurar MenAfriVac ta karya lagon nau'in A na sanƙarau, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar. Wannan abin alfahari ne. Sai dai wanda ya riga ya kamu ya warke fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na bakteriya yana tashi da wata naƙasa mai ɗorewa, kuma rashin ji na kan gaba. Amma ana sallamar yaro daga gado da zarar zazzaɓi ya sauka ya fara cin abinci, ba a auna kunnensa ba, ba a ce wa uwar ta dawo ba. Wannan sakaci yana da tsada ta musamman, domin bayan sanƙarau ɓangaren can cikin kunne yakan fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni. In ya toshe, ko kuɗi sun samu daga baya, wayar na'urar dashe ba ta da hanyar shiga yadda ya kamata. Shi ya sa a wasu ƙasashe ƙa'ida ce a auna jin duk wanda ya yi sanƙarau cikin mako huɗu da samun sauƙi.

Haka zazzaɓin Lassa, wanda ke addabar Bauchi da Taraba kowane rani: kusan ɗaya cikin uku ko huɗu na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji. Haka ƙyanda da hangum. Haka shawarar jarirai, wadda ake shanya jariri a hantsi ana ba shi jiƙo har ta hau ƙwaƙwalwa ta taɓa jijiyar ji, alhali fitilar asibiti ta kwana biyu ko uku ta isa ta kare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin jin yara abu ne da za a iya karewa. In aka duba ajina da wannan ma'auni, fiye da rabin kujerun bai kamata a ce da mai zama a kansu ba.

Na uku, allura. Duk wanda ya taɓa zama a kemis na unguwa ya san janta, wato allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin. Yaro ya yi gudawa, janta. Ya yi tari, janta. Ƙurji ya fito, janta, safe da yamma, ba a auna nauyin yaro ba, ba a san lafiyar ƙodarsa ba. Magani ne mai ceton rai a hannun wanda ya san shi, kuma jarirai masu cutar jini suna bukatarsa. Amma shi da danginsa suna kashe ƙananan gasun da ke cikin kunne, waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa. Duniya ta ɗauki wannan da muhimmanci. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye allurar kanamaisin, wadda dangin janta ce, daga maganin tarin fuka mai taurin kai, aka koma ga ƙwayoyin sha. A Manchesta an ƙirƙiro gwajin da ake shafo cikin kumatun jariri da auduga, cikin minti 26 ya nuna ko yana ɗauke da wata ƙwayar gado da ke sa ko allura ɗaya ta janta ta kurmantar da shi, sai a sauya masa magani. Mu ba mu ma kai ga neman wannan ba tukuna. Muna neman a hana yaron shago da bai taɓa shiga ajin koyon haɗa magani ba ya riƙa tsira wa 'ya'yan mutane wannan allura kamar ruwan sha.

Sai ruwan kunne. Wannan ya zama ruwan dare har an daina ɗaukar sa ciwo. Za ka ga yaro a layin makarantar allo ko a firamare, mugunya tana gangarowa ta bushe a gefen wuya, ƙudaje na bin sa, an cusa masa auduga ko tsumma. A gida a ɗiga man ja, ko man kaɗanya, ko ruwan wani ganye, a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana. Fatar dodon kunne ce ta huje, kuma kowane wata da ta yi tana zuba, jin yaron raguwa yake yi. Malami ya ce daƙiƙi ne, a mayar da shi bencin baya, inda ba zai ji komai ba gaba ɗaya. Wani lokaci ciwon ya ci ƙashin bayan kunne ya shiga ƙwaƙwalwa, a rasa yaron. Maganin farko kuwa mai araha ne: a tsane kunnen da tsabta, a ɗiga maganin sifuro na kunne, a hana ruwa shiga. Bincike ya nuna ɗigon ya fi ƙwayar sha saurin busar da shi. In hujin bai rufe ba, likitocin kunne suna yi masa faci, yanzu ma da siririyar kyamara ta cikin ramin kunnen ba tare da an tsaga baya ba. Amma yawancin ɗakunan shan maganinmu ko fitilar leƙa kunne ba su da ita.

Koke na huɗu shi ne ƙarancin ma'aikata da tsadar na'ura. Rahoton da ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 2024 ya ce mutum miliyan 40 ne ke fama da rashin ji a yankin, kuma za su iya kai miliyan 54 nan da 2030. Ya ce fiye da rabin ƙasashen yankin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ɗaya ne ke duba mutum miliyan guda, alhali a Turai kusan 50 ne. Mu mun san wannan ba a takarda ba. Uba ya taso daga ƙauye da asuba, ya biya mota biyu, ya iso babban asibiti, a ce masa ranar asibitin kunne ta wuce sai wani mako, ko na'urar gwaji ta lalace ana jiran mai gyara daga Legas. Allah Ya saka wa waɗanda suka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, tana aiki tana horar da likitoci da nas-nas, amma cibiya ɗaya ba za ta ɗauki nauyin jihohi 19 ba. Masu auna ji da masu koyar da magana kuwa sun fi likitocin ma ƙaranci, kuma su ne ƙashin bayan aikin.

Na'urar ƙara ji ta fi ƙarfin talaka, a Afirka kusan ɗaya cikin goma na masu bukata ne ke samun ta. Ina da ƙorafi a kan yadda ake rabon ta a wajen taro. A tara yara, a kira 'yan jarida, a maƙala wa kowa na'ura a kunne, a ɗauki hoto, a watse. Ba a daidaita ta da gwargwadon jin yaron ba, ba a yi masa robar da ta dace da ramin kunnensa ba, ba a ce ga inda za a sayi batir ba. Batirin kuwa mako ɗaya zuwa biyu yake yi. Bayan wata guda na'urar tana cikin kwalla a ƙarƙashin gadon uwa, an naɗe ta a leda. Kunnen yaro yana girma, robar tana bukatar sauyi a kai a kai. Wannan hidima ce ta shekaru, kuma wurinta tsarin inshorar lafiya ne, ba bikin rana ɗaya ba.

Na biyar, bincike. Nan ne nake ganin an fi yi mana nisa, kuma nan ne ba za mu iya aron na wasu ba. Misali biyu sun isa. A Turai da Asiya, ƙwayar gadon da ta fi jawo kurumta ita ce GJB2, don haka ita ake fara nema. Da masu bincike suka duba a Afirka, ciki har da Najeriya da Kamaru, sai suka tarar ba ta taka rawar kirki ba, in ban da Ghana inda ake samun wani nau'inta na daban. Wato gwajin da aka tsara don ɗan Bature zai iya cewa ɗanmu ba shi da komai alhali ba ya ji. Misali na biyu: a ƙasashe masu arziki an ga maganin dezametason yana rage kurumta bayan sanƙarau, amma da aka gwada shi a kan yara kusan 600 a Bulantaya ta Malawi, sakamakon da aka buga a 2002 bai nuna wannan amfanin ba. Abin da ya yi aiki a can ba dole ne ya yi a nan ba, sai an gwada.

Mu kuma muna da dalili na musamman. Auren zumunci al'adarmu ce, kuma ba na zo in yi masa tsinuwa ba ne, ni kaina 'yar auren zumunci ce. Amma yawancin kurumtar gado, har da ta OTOF ɗin da ake warkarwa yanzu, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye take bayyana a ɗa. Muna da gidajen da yara uku, huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, duk suna makarantarmu. Babu wanda ya taɓa zuwa ya zauna da waɗannan iyaye ya yi musu bayani, balle a nemi izininsu a binciki abin da ke jininsu. Mai yiwuwa a cikin jariran da za a haifa bana a Arewa akwai waɗanda sabon maganin zai yi wa aiki. Ba za mu taɓa sani ba in ba a duba ba. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, muna da likitoci masu ƙwazo da ke rubuta bincike da kuɗin aljihunsu. Abin da suka rasa shi ne tallafi da rajista ɗaya da za ta haɗa alƙalumansu.

A gefen maƙogwaro ma akwai abin dubawa a ƙofar gida. Cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai a makon haihuwa yana jawo zubar jini da cutar sarƙewar haƙora, likitoci sun daɗe suna faɗa. Ni dai a ganina yaƙi da wanzami ba zai kai mu ko'ina ba. Shi da ungozoma su ne ke ganin jariri kafin kowane ma'aikacin gwamnati, kuma maganarsu tana shiga kunnen kaka fiye da ta nas. A jawo su a jiki, a nuna musu haɗarin aska a maƙogwaron jariri, a mayar da su masu cewa "a kai shi a auna masa ji kafin arba'in."

Kada a fahimce ni a karkace. Kurma ba abin tausayi ba ne, kuma ba marar lafiya ba ne da ke jiran a gyara shi. Tsofaffin ɗalibanmu akwai teloli, akwai malamai, akwai masu digiri, sun yi aure sun hayayyafa. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin zuwan boko. Gano matsala da wuri ba don na'ura kaɗai ba ne. Ko da iyaye ba za su taɓa iya sayen komai ba, in sun sani tun yaro yana wata shida, za su fara yi masa magana da hannu, ya tashi da harshe, ya san sunansa da na uwarsa, ya iya faɗin inda ke masa ciwo da wanda ya cuce shi.

Saboda haka, ga abin da muke roƙo.

Mai girma Minista, a sa auna ji cikin hidimar ranar BCG, a buɗe masa gurbi a katin rigakafin yaro yadda kowace uwa za ta ga ko an yi ko ba a yi ba. Ba mu ce a fara ko'ina rana ɗaya ba. A fara da cibiya ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, da duk ɗakunan kwantar da jarirai marasa lafiya da bakwaini, a biya daga Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. A haɗa da mai bin sawu, mutum takamaimai da lambar wayar uwa a hannunsa, don kada a maimaita abin da ya faru a Legas.

A fitar da umarni ga duk asibitoci cewa ba a rufe fayil ɗin wanda ya yi sanƙarau ko Lassa ko shawara mai tsanani sai an auna jinsa, kuma tawagar da ake turawa wajen annoba ta riƙa tafiya da na'urar.

A sa na'urar ƙara ji ta yara, da batirinta da robarta da gyaranta, cikin abin da inshorar lafiya ke biya a ƙarƙashin dokar 2022, a cire mata harajin shigowa. Dashe kuma a ware masa asusu mai ƙa'ida a rubuce, yadda ɗan talaka zai shiga layi ba sai ya san wani ba.

Hukumomin da ke kula da magunguna da kemis su sa ido a kan allurar janta da danginta, a daina sayar da su ba takardar likita.

A ware kuɗin bincike na musamman ga sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwarmu, a fara da ƙidayar abin da ke kurmantar da yaranmu jiha jiha. Ƙofar makarantunmu a buɗe take, iyaye sun ce a shirye suke, da sharaɗin a yi musu bayani da Hausa kuma a dawo a gaya musu abin da aka gano.

Ku kuma masu girma kwamishinoni, naku ya fi kusa da hannu. Fitilar leƙa kunne da ɗigon magani a kowane ɗakin shan magani, horon 'yan kwanaki ga ma'aikatan da ke wurin, auna jin kowane yaro a shekarar da ya shiga aji ɗaya, da guraben aiki ga masu auna ji da masu koyar da magana a manyan asibitocin jiha. A sa mai fassara da hannu a asibiti, kamar yadda dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a rahotonta na 2021 cewa kowace dala ɗaya da aka zuba a kula da kunne tana dawo da kusan dala 16 cikin shekara goma, in kwamishinan kuɗi ya tambaye ku hujja.

Ranar 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya. Muna roƙon kafin ta zagayo, kowace jiha ta sanar da sunayen cibiyoyin da za a fara auna jarirai da ranar da za a fara, a rediyo, da Hausa. Mu za mu ɗauki nauyin kai labarin gidajen suna da makarantun Islamiyya na matan aure.

Allah Ya ba ku ikon yi, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar kurame,
a madadin malamai da iyayen yara.